Ƙanina na son fita waje karatun likita, Baba na shirin sayar da gonar fadama, nawa ne ainihin kuɗin?

Ɗan Gujungu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin, ko wanda yayi karatu a waje ko wanda ya taɓa ɗaukar nauyin wani.

Mu 'yan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Taura, ba nisa da kasuwar Gujungu. Ina da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, yaron Allah ya bashi kwanya, WAEC ɗinsa tayi kyau, JAMB ma ya ci amma likitancin da yake so bai samu ba, bara BUK ya nema, bana ya nemi jami'ar tarayya ta Dutse sai suka bashi wani kwas ɗin na kimiyya, shi kuma yace in ba likita ba bai ga abinda zai karanta ba. Ana cikin haka wani ɗan garinmu ya haɗa mu da wani ejan a Kano, yace zai samo masa gurbi a Saifurus ta Arewa, wai an masa ragin rabi, dala 5,000 kawai a shekara, kuma wai in yaro ya je zai samu aiki ya riƙe kansa har ya turo gida.

Toh Baba ya ji maganar ta shige shi. Muna da gonar fadama da muke noman shinkafa da rani, ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya, wani Alhaji ya taya miliyan 9, Baba yace a sayar a haɗa da shanun huɗa guda biyu a tura yaro, ilimi ba ya asara. Ni malamin firamare ne, kun san albashinmu. Wallahi ina son yaron nan ya zama likita fiye da kowa, amma gabana faɗuwa yake. Bayan kuɗin makaranta me da me ake biya? Maganar aikin nan gaskiya ce? Kuma akwai hanyar da talaka zai fita ba sai ya sayar da gona ba?

Abu Sumayya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin a buga hannu a takardar ciniki. Ni mutumin Wudil ne, na yi karatu a Khartum da kuɗin gidanmu har yaƙi ya koro mu, don haka abinda zan faɗa maka a jikina na ji shi.

Ka ɗauko biro mu yi lissafi da kuɗin da ejan ɗin ya faɗa da bakinsa, ko da yake ni ina shakkar a samu likitanci a wannan farashin a can. Dala 5,000, mu ƙaddara dala tana naira 1,500, miliyan 7 da rabi kenan a shekara ɗaya. Likitanci shekara 6 ne, in kuma makarantar ta ce sai yayi shekarar share fage ta harshe ya zama 7. Shekara 6 ɗin kaɗai dala 30,000 ce, miliyan 45 kenan, kuma wannan kuɗin makaranta ne zalla, yaro bai ci abinci ba bai kwanta a ɗaki ba. Ka sa masa dala 250 a wata na haya da ci da mota da kati da sabulu, kuma wlh wannan zaman matsi ne, a shekara dala 3,000, shekara 6 miliyan 27. Ka haɗa ka gani, ya haura miliyan 70. Ban sa tikitin jirgi ba, ban sa biza ba, ban sa takardar izinin zama da ake sabuntawa duk shekara da gwajin jini da inshorar lafiya ba, ban sa littattafai da kwamfuta da kayan sanyi ba, ban sa ladan ejan ɗin ba. Fasfo kansa tun Satumba 2025 mai shafi 32 ya koma naira dubu 100. Gonar da shanun gaba ɗaya shekarar farko za su kai shi, da ƙyar su taɓa ta biyu, sannan a shekara ta biyun ba gona ba shanu, da me za a biya?

Babbar matsalar ma ba yawan kuɗin ba ce, ita ce kai da naira kake samu, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara in an yi girbi, su kuma da dala suke karɓa a ranar da suka sa. A watan Mayun 2023 dala a farashin gwamnati wajen 460 take, iyaye na cike Form A a banki su samu a wannan farashin ko da za a sha jira. Da aka saki naira a watan Yuni ta wuce 700, farkon 2024 ta haura 1,500. Makaranta bata ƙara ko sisi ba amma uban yaro kuɗinsa ya ninka sau uku. Na san yadda yayana yake yi, ya sayar da buhunan masara a kasuwa ya zuba kuɗin a leda ya sa a ƙasan kujerar mota, ya kira ɗan canji a Wapa da safe a faɗa masa farashi, kafin ya shigo Fagge da azahar an ƙara, ya tsaya a bakin shago yana danna kalkuleta yana cire abinda zai tura min na abinci don kuɗin makarantar ya cika. In kuɗi basu cika ba kuma ba wani lallashi, rufe maka shafinka na ɗalibi za su yi, ba shiga jarrabawa ba ganin sakamako, izinin zamanka kuma ya ƙare ka koma kana ɓuya.

Sannan akwai abinda ba ya shiga lissafi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 aka fara harbe-harbe a Khartum, cikin azumi, aka kwashe mu a motocin bas zuwa iyakar Masar muka yi kwanaki a fili kafin a bar mu mu ƙarasa Aswan mu hau jirgi. Waɗanda gwamnatin jiharsu ta tura an nema musu wasu makarantun, naku na Jigawa ma masu likitanci Saifurus aka mayar da su. Mu da muka kai kanmu kowa tasa ta fishshe shi, samo takardar sakamakon shekarun da ka yi ma aiki ne, wasu abokaina daga aji ɗaya suka sake farawa.

Maganar aiki kuwa kar ku ɗora komai a kanta. Ɗalibin likita da lakca da ɗakin gwaji da asibiti ina ya ga lokaci, kuma Saifurus ƙaramin tsibiri ne cike da ɗalibai baƙi kowa aikin yake nema, in an samu wankin kwanuka ne a gidan abinci lokacin zuwan 'yan yawon buɗe ido, kuɗin ko haya ba lallai su biya ba. Kuma ka sani Saifurus ta Arewan nan Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, a 2020 ma shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje Abike Dabiri-Erewa ta fito ta gargaɗi iyaye kan tura yara can.

Maman Khairat:

Ƙanina sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Haɗeja. Abu Sumayya ya gama maganar tafiya, ni ta dawowa zan yi don ita mutane suke mantawa.

Ko yaro ya gama lafiya ya dawo da kwalinsa ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN da ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. Jarrabawar nan kuɗi ce, zaman shiri ne na watanni a wani gari kana ci kana biyan haya, kuma ana faɗuwa sosai. Na ga yaran da suka dawo suna zaune a gida ana kiransu dakta a unguwa amma ba lasisi, uwa ta sayar da sarƙarta da 'yan kunne an sake biya. Bayan an ci kuma sai neman gurbin shekarar koyon aiki a asibiti sannan bautar ƙasa, duk wannan lokacin gida ne dai ke riƙe da shi. Don haka kafin ku ba kowa ko naira ɗaya ku tabbatar hukumar ta san makarantar. Ku tuna ɗalibanmu da ke karatu a Yukren, da yaƙi ya tashi a 2022 aka koma karatu ta intanet MDCN ta ce bata yarda da likitancin da aka yi ta intanet ba. Ku tuna na Kwatano, da ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri cikin sati 6 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, har waɗanda suka zauna suka yi karatun gaskiya abin ya shafa.

Sai maganar gonar, kayi haƙuri zan shiga abinda ba a tambaye ni ba. Gonar nan ba ta Baba da yaron kaɗai bace, Inna da ƙannenku mata da jikoki duk a cikinta suke ci. Fadama in ta fita daga hannu bata dawowa, wanda ya saya ba zai sayar muku ba ko kun zo da ninki. Kuma nauyin da za a ɗora wa yaron ma abin dubawa ne, yana can shi kaɗai cikin sanyi ya san saboda shi gidansu ke awo a kasuwa, in ya faɗi kwas ɗaya ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba. Ku samu Baba cikin ladabi, in da hali ka tafi da baffanku ko limamin garin, a karanta masa lissafin nan a gabansa. Niyyarsa mai kyau ce, ba a nuna masa ƙarshen hanyar bane.

Ni da nawa ne cewa zan yi ya karɓi gurbin Dutsen ya fara, ya sake zana JAMB yana ciki. Akwai jami'ar kimiyyar lafiya a Azare nan kusa damu, akwai ABU, akwai Maiduguri, ba BUK kaɗai ke likitanci ba. Kuma jinya da haɗa magani da gwajin jini duk asibiti ne, ku shiga asibitocin ƙauyukanmu ku ga yadda ake nemansu.

Injiniya Na Kura:

Salam. Hajiya da Abu Sumayya duk gaskiya suka faɗa, amma dan Allah kar mu sa yaron ya ji kamar waje haramun ce ga ɗan talaka. Ni ɗan manomin tumatir ne a Kura kuma na yi mastas a Indiya, babana ko akuya bai sayar ba. Na gama digirin farko a Wudil da sakamako mai daraja ta ɗaya, da gwamnatin Kano ta dawo da tsarin tura ɗalibai a 2023, mutum 1,001 zuwa Indiya da Yuganda, na cike fom Allah ya sa na shiga. Abinda na gani a can ya canza min tunani, kayan aiki a ɗakin gwaji, malami na zuwa aji kan lokaci, ba yajin aiki, ranar da aka ce za ka gama ranar za ka gama. Fita tana da amfani sosai. Abinda nake cewa kawai a fita da kuɗin tallafi, kuma ƙofar ta fi faɗi bayan digirin farko, tallafin PTDF da na Commonwealth da na Chevening duk na masu digiri ne, Chevening ma sai kana da shekara 2 ta aiki.

Na digirin farko ma akwai. Wanda na fi ba shi shawara shine na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, ana buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, su ke biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da alawus na wata, sannan su koya maka Turkanci shekara ɗaya. Akwai likitanci a ciki amma sai mai kashi 90 cikin 100 a sakamako kuma gasar tana da zafi don duniya ce gaba ɗaya ke nema. Cikewa kyauta ne, da waya ma ana yi, duk wanda yace ku kawo kuɗi zai saka sunan yaro ƙarya yake. Jami'ar Musulunci ta Madina ita ma kyauta ce har da alawus da tikiti, tana da injiniya da kwamfuta bayan fannonin addini, sai dai ba hanyar likitanci bace. Na gwamnatin tarayya da ake cewa BEA, wanda a da ake tura yara Rasha da Maroko da Hangari da Aljeriya, kar ku sa rai, a 2024 an rage alawus ɗinsu daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi.

Za ku ji ana cewa Jamus karatu kyauta ne. Eh yawancin jami'o'in gwamnati basa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, amma kafin a baka biza sai ka zuba yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa ana sakar maka 992 duk wata, kuma likitanci da Jamusanci ake koyarwa. Ingila kuwa a bar maganar, likitanci ga baƙo ya haura fam dubu 30 a shekara a yawancin jami'o'i, kuɗin lafiya kaɗai fam 776 ne na kowace shekara, biza ta haura fam 500, sannan sai kuɗin zama sun kwana 28 a akawun kafin ka nema. A 2024 har labari aka yi na ɗaliban Najeriya da aka ce su bar ƙasar saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta.

In ya tsaya a gida kuma akwai NELFUND, bashin karatu ba ruwa, su biya makaranta kai tsaye su baka dubu 20 a wata, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Na makarantun gwamnati ne na cikin gida kawai, baya bin yaro waje.

Na Maigatari:

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, harkar shanu nake a kasuwar Maigatari, amma ina biya wa 'yata karatu a Maraɗi don haka bari in sa baki. Mutane na ganin Nijar kamar gida ce, mota ɗaya ka hau ka je, gaskiya ne ba biza ba jirgi, in bata da lafiya uwarta na iya zuwa ta gano ta. Amma sefa a ɗaure take da yuro, duk ranar da naira ta faɗi kuɗin makarantar ya tashi a hannuna ko da basu ƙara komai ba. Da aka rufe boda bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris 2024 mun sha wuya wajen aika mata ko da garin tuwo.

Abinda ya sa nake iyawa shine jarin yana juyawa. Ina ɗaure bijimai in yi kiwo, kowane zango na san wanda zan kai kasuwa ranar Alhamis, in ridi yayi kyau in ƙara da shi, uwar kuɗin bana taɓa ta. Wanda zai yanka saniyar da yake tatsa don ya sayi ƙwaryar zuba nono shine mai sayar da fadama don kuɗin shekara ɗaya. Ɗana ka gaya wa Baba in ji ni, in dole sai an nemi kuɗi a gonar to a bada hayarta na rani ɗaya ko biyu da shaidu da takarda a gaban mai gari, kar a sayar, jingina ma ayi hattara da ita. Kuma duk inda za a je kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zubawa a karɓi rasit, ba a hannun ejan ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Ɗan Gujungu:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh na rasa bakin godiya. Na kira ejan ɗin nace ya turo min takardar makarantar mai nuna kuɗin kowace shekara har a gama, da sunan makarantar don mu bincika a hukumar likitoci, sai yace sai an fara ajiye miliyan ɗaya a hannunsa tukunna gurbin kar ya wuce. Jiya bayan isha'i muka zauna a zaure ni da Baba da Baffa, na karanta musu lissafin Malam Abu Sumayya da maganar Hajiya da ta Alhaji na Maigatari, Baba yayi shiru ya daɗe sannan yace a gaya wa mai tayin a dakata, za a shiga noman rani bana kamar kullum. Yaron ransa bai so ba, yau ko karin kumallo bai fito ba, amma ya yarda zai je Dutse yayi rijista kuma zai sake JAMB.

Injiniya dan Allah ƙarin bayani kan na Turkiyyan, shekararsa 20 yanzu, akwai iyakar shekaru? Kuma sai mun yi fasfo kafin a cike?

Injiniya Na Kura:

Akwai iyaka Malam, na digirin farko sai wanda bai kai 21 ba, kenan wannan Janairun mai zuwa ne damarsa kar ya bari ta wuce. Wajen cikewa ana karɓar katin ɗan ƙasa ko fasfo, don haka kuna iya jinkirta kuɗin fasfon, amma ku duba sunansa da ranar haihuwa su zo ɗaya a WAEC da NIN da takardar haihuwa, in akwai saɓani ku fara gyarawa tun yanzu don yana cin lokaci. Ya tanadi sakamakon sakandare na kowace shekara da hoto mai kyau, ya fara rubuta wasiƙar dalilin da yasa yake son likitanci da hannunsa, ya faɗi gaskiyar garinku da nisan asibiti da abinda ya gani da idonsa, kar ya kwafo ta wani a intanet don suna ganewa. Kuma kar ya zaɓi likitanci kaɗai, ana bada damar zaɓi da yawa, ya haɗa da wasu fannonin lafiya da garuruwan da ba Istanbul da Ankara ba. In ya rubuta ka turo min ta saƙo in duba masa.